Ledar da Na Sa wa Injin Yankan Ciyawa

Shekara ashirin ina sayar da man gyaɗa, ko ɗigo bai taɓa zube mini ba, domin ba na rufe jarka sai na shimfiɗa leda ƙarƙashin murfi. Da na sayo injin yankan ciyawa a Dutse saboda tumakina, haka na yi wa tankinsa.

Yana tashi lafiya lau, amma da na ba shi wuta sai ya shaƙe ya mutu. Ni da na gama yaƙi da jahilci bara, na bi takardarsa da yatsa, na yanke hukunci: an cuce ni.

Na ja maigidana muka koma da injin shagon da na sayo shi.

Na ce wa mai shagon, "Alhaji, don ka ga mace ce? Canja mini yanzun nan!"

Maƙwabta suka taru. Mai shagon ya kwance murfin, ya zaro ledata, ya ɗaga ta sama.

"Hajiya, ta murfin nan yake numfashi. Wa ya toshe masa hanci?"

Maigidana ya juya baya yana ƙunshe dariya.

Har yau in mura ta kama ni, sai ya ce, "A duba mana, ko Hajiya ta sa leda."