Ranar da Na Wanke wa Tsutsa Ganye

Rubuta yadda na faɗa, 'yar nan. Bayan rasuwar mijina Malam na rasa wanda zan dafa wa, sai jikana Bashir ya ɗauko ni zuwa ɗakinsa a unguwar Madinat Nasr, can ƙasar waje. Karatun ƙwari yake yi. Yana kiwon tsutsotsi a kwalabe, yana ba su ganyen sanaubar, wani itace mai ganye kamar allura. Wasu sun ƙi ci, suna ta mutuwa. Na ɗanɗana, na ji ɗaci da ƙaro, sai hawaye. Na ce ni da na tsufa ina wanke shuwaka, wannan ne zai gagare ni? Kullum ya tafi jami'a sai in murje ganyen a ruwan zafi in raba musu. Suka ci, suka yi ɓul-ɓul.

Ranar da ya kama ni, ya dafe kai. "Kaka, ɗacin nake aunawa! Khalas, shi ke nan, aikin shekara ya tafi."

Da Malam na raye, da ya hana ni. Yaron ya maimaita shekarar, ni na rame.

Har yau abokansa in sun durƙusa gaishe ni sai su ce, "Hajiya, ya yaran? Sun ƙoshi?"