Makarantar Murnar Cin Ƙwallo ta Dodon Raga

Allah ya yi 'yan ƙwallo da yawa, amma Dodon Raga guda ɗaya ya yi, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan don kada a wahalar da jama'a. Ya yi wa kulob ɗinsa hidima shekara da shekaru a kan benci, har katakon ya lotsa daidai mazauninsa. Rana ɗaya tak aka sako shi fili, ranar da gudawa ta kwantar da rabin 'yan wasa, kuma a ranar ya jefa ƙwallo a raga. Hoton yana bangon falonsa: ga shi a guje ba riga, baki a buɗe, shi kaɗai. In ka tambayi me ya hana abokan wasansa rungumarsa, sai ya ce hassada.

Da gwiwa ta ƙi, tausayin matasa ya kama shi. Ya ari wani fili a bayan kasuwa, ya tara yaran unguwa, ya sa usur a wuya.

"Kowane jaki zai iya harba ƙwallo," in ji shi. "Abin da duniya ke kallo shi ne abin da ka yi bayan ta shiga."

Saboda haka ƙwallon makarantar tana cikin akwatin gilashi, don kada ta yi datti. Yaran kuwa suka ƙware a zamiya da gwiwa, da cire riga a guje, da nuna sama da yatsa ana hawaye. Ranar Laraba darasin saukowa daga mota ne da abin jin waƙa a kunne. Motar dai babu, daga kan baro ake saukowa.

Ana nan sai mai filin ya gaji. Ya ce wani mai neman 'yan wasa zai zo daga babban kulob. In bai ɗauki ko yaro ɗaya ba, shi mai filin bulo zai zuba ya gina shaguna. Dodo ya san in ba filin nan, ba wanda zai ƙara ce masa Koci. Ya ninka atisayen zamiya har wandunan yara suka huje.

Ranar ta zo. Baƙon wani dattijo ne mai furfura da manyan hannuwa, ya zauna kan bulon da mai filin ya riga ya fara saukewa. Aka haɗa wasa da yaran wata unguwa, aka fito da ƙwallo daga gilashi. Yaran Dodo suka tsaya suna kallonta da girmamawa.

Ba a jima ba aka zura musu ta farko. Ai kuwa sai suka ɓarke da gudu! Riguna suka tashi sama, gwiwoyi suka share ƙasa, golan ma ya fito ya yi tsalle ya juya a iska. An koya musu in ƙwallo ta taɓa raga a yi murna, ba wanda ya taɓa gaya musu ragar wa. Haka aka yi ta yi: ana cin su suna rawa, har waɗanda ke cin suka fara jin kunya.

Dodo ya share gumi, ya matsa kusa da baƙon, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ka ga salo? Duk daga ƙwallon da na ci suka gaje shi. Ƙila ka ji labarinta."

Dattijon ya dube shi, sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Na ji mana. Ni ne golanku a ranar."

Ya juya wajen mai filin ya ce masa bulon nan mai kyau ne, ya ci gaba da saukewa.