Ciwona Sirri Ne, Amma Ni Kaɗai Aka Ɓoye Wa

Ranar Litinin na shiga asibitin garinmu Daura da jiri, na fito da zulumi. Likita ya rubuta wa wani babban likita a Katsina wasiƙa a kaina, aka liƙe ambulan, aka danna hatimi har uku. Na roƙi kwafi, don na ji iyayenmu masu girma a rediyo suna cewa yanzu haƙƙin majiyyaci ne ya ga abin da aka rubuta game da shi.

Ranka-ya-daɗe mai kula da fayil ya dube ni ta saman tabarau, ya ce haƙƙin yana nan daram, injin kwafin ne dai tun ranar da aka ƙaddamar da shi da kiɗa da lemo bai ga tawada ba. Sai dai a kai shagon Usman na bakin titi. Na miƙa hannu, ya janye ambulan.

"Haba Malam, sirrin likita ne. Masinja zai kai."

Madalla da riƙon amana. Masinja ya buɗe, Usman ya karanta wai don ya daidaita takarda, 'yan zaman benci suka taya shi fassara. Kwafin kuwa aka damƙa wa yayana Hamma, kada a tayar wa mara lafiya hankali.

Kafin la'asar Daura ta sauya mini. Ɗantsoho maƙwabcina, wanda muka shekara shida muna rigima kan kwata, ya tare ni ya ce mu yafi juna, duniya ba matabbata ba ce. Maiɗakina Shatu ta janye gishiri daga miya, ta kuma daina yi mini gardama, abin da ya fi komai firgita ni. Na tambayi Hamma, ya ce in yawaita istigfari. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nawa ɗakin maƙwabta ne ke tara kwano.

Ranar Laraba na ga dai ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, na zauna a teburin Kabo mai shayi, na ce ya dubi Allah ya gaya mini kwana nawa suka rage.

Ya ce hawan jini ne kawai, kuma likita ya ja layi biyu a ƙarƙashin cewa in guji damuwa. "Ai mun zaci ka sani, Malam."

Na yi hamdala, na ce ya haɗa mini mai kauri. Ya miƙo shi ba sukari. Wai wannan yana shafi na biyu.