Hayaƙin da Bai Zo Daga Kanada Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ajinmu na yaƙi da jahilci ya hau dutse ba. Malamarmu ce ta kwashe mu daga Greensboro zuwa duwatsun yamma, mu ga wani ɗaki da ake auna iska. A ajin nan ni ne abin misali. Tun daga titin Wendover, duk allon da motarmu ta wuce sai na karanta shi da ƙarfi (ko ba wanda ya tambaye ni).

Matar da ke kula da wurin ta nuna mana wani dogon bututu a kan rufi. Ta ce dare da rana yana zuƙar iska, yana gano ƙura da hayaƙin da suka taso daga nesa, har na gobarar dajin Kanada.

Ni kuwa sanyi ya gama ratsa ƙashina. Na sulale bayan ɗakin, na ciro ɗan kaskona da gawayi da butar shayi daga jaka. Akwai wani jan allo a bango, cike da rubutu. Na ce bari in sha shayi tukuna, ai allo ba ya gudu. Na dinga fifita wuta, hayaƙi na miƙewa sama abinsa.

Can sai na ji hayaniya a ciki. Malam Bawa, abokina ɗan zangon Kumasi, ya zagayo da sauri.

"Alhaji, zo ka ga ikon Allah! Layin awon iska a kwamfuta ya harba sama, Malama na tambaya ko hayaƙin Kanada ne ya iso!" Sai idonsa ya sauka kan kasko. "Au. Ashe ga Kanadan nan a tsugune."

Kowa ya fito. Matar ta dafe kai, ta ce awon ranar ya lalace. Malama ba ta yi faɗa ba, allon kawai ta nuna.

"Karanta mana."

Na miƙe, mafici a hannu, na karanta: an hana kunna wuta kusa da bututu. Wallahi ban taɓa karatu mai kyau irin wannan ba, ko tuntuɓe babu. Bawa har da tafi.

Har yau "Alhaji Kanada" ake kirana a masallaci. Yanzu ko a kicin ɗina ne, sai na duba bango kafin in ƙyasta ashana. Shayin ma Bawa ne ya shanye.