Kawu Siriri Ba Ya Ci, Ɗanɗanawa Yake Yi

Duk dangin da Allah bai ba su mutum irin Kawu Siriri ba, sai dai a je a yi musu jaje. Wasu dangi da likita suke taƙama, wasu da lauya, wasu da matuƙin jirgin sama. Na wannan dangin ya fi na kowa. Mutum ne da aka yanke wa kashi uku cikin huɗu na tumbinsa, ya farka a gadon asibiti da ilimin da masu digiri suke shekara bakwai suna nema.

Kafin aikin, Kawu Randa ake ce masa. Shagon katifu gare shi a bakin babban titi, kuma shi da kansa ne tallar shagon. Duk katifar da ya zauna a kanta ta tashi da ranta, mai saye ba ya ƙara tambaya. A kundin hotunan gida ana iya bin tarihinsa shafi-shafi. A hoton aurensu yana tsaye gefen matarsa, kowa da wurinsa. A hoton haihuwar 'yar fari ya fara tura ta gefe. Zuwa hoton da autansu ya gama makaranta kuwa, kunnenta ɗaya da gefen mayafinta kaɗai suka samu shiga.

Kilo ɗari da arba'in da biyu, ga gwiwa, ga hawan jini, ga ciwon suga. Shekara tara Uwargida tana yi masa allura safe da yamma, shi kuma yana runtse ido yana kiran sunan mahaifiyarsa. Kwalaben maganin a ƙofar firji suke zama, a kan kanta ta biyu, ƙarƙashin ƙwai. Da aka yi aikin, cikin shekara guda ya zubar da kilo hamsin, likita ya ce a ajiye allura. A ranar, Uwargida ta wanke kantar nan da ruwan ɗumi, ta goge ta, ta bar ta wayam. Har yau ko lemon tsami ba ta yarda a ɗora a wurin. Burinta ɗaya ne a duniya, kada kwalaben nan su dawo.

Likitar abinci, wata gajeriyar mata mai tabarau wadda ba ta ɗaga murya, ita ta zaunar da su ranar da aka sallame shi daga asibiti. Ta ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan a ƙaramin faranti, ya fara da kifi ko ƙwai ko wake kafin ya taɓa shinkafa. Ya tauna sosai. Kada ya haɗa ci da shan ruwa. Zaƙi da lemon kwalba ya yi musu sallama. Ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi kuwa har ƙarshen rayuwa ne. Ta miƙa masa wani shuɗin littafi, a saman kowane shafi an rubuta: Abin da na ci yau.

"Wuƙa ta yi nata, saura naka," in ji ta. "Nauyin nan yana iya dawowa. In ya dawo kuma ba shi kaɗai zai zo ba, da allurarsa zai zo. Zuwa yanzu dai ka yi ƙoƙari."

Uwargida ta ji duka. Kawu ya ji "ka yi ƙoƙari".

Daga nan duniya ta shiga uku. Ya hana kowa kiransa Randa, ya raɗa wa kansa Siriri. Ya buga sabon kati mai ruwan zinariya: Dillalin Katifu, kuma Mashawarci kan Al'amuran Tumbi. Ya sauke agogon bangon falo, ya kafa ƙusa biyu, ya rataye tsohon wandonsa a wurin, baƙi, mai faɗin labulen shago. Ya kafa doka: ba a wanke shi, ba a goge shi, tarihi ne. Duk baƙon da ya shigo, ko mai gyaran famfo ne, sai ya ga wasan. Kawu zai sauko da wandon, ya zura shi a kan na jikinsa, ya ja ƙugun gaba har a ga ana iya saka mutum na biyu, sannan ya ware hannuwa. Wandon ya zube ƙasa, ruf. Shi kuma ya tsallake shi da ƙafar dama kamar mai fita daga kurkuku.

"Kun ga wancan?" zai ce, yana nuna wandon da yatsa. "Wancan jahilci ne. Wannan da ke tsaye gabanku kuwa, ilimi ne. Likita ya riƙe wuƙa, ban musa ba. Amma wa ya riƙe zuciya?"

A wurin taron dangi ba ya zama. Zagayawa yake tsakanin farantai, hannu a baya, kamar mai duba jarrabawa. Ya ƙirga wa ƙanin matarsa loma. Ya tsayar da wata tsohuwa mai haƙori huɗu ya ce ba ta tauna sau talatin ba. Mutum ɗaya ce ba ya yi wa kusa sosai, Yaya Babba, yayarsa da ta goye shi yana jariri, wadda har gobe take cewa tun daga lokacin bayanta bai koma daidai ba.

"Yaya, wannan farantin naki ai kabari ne mai miya."

"Randa, matsa mini daga haske."

A shekara ta biyu ne iliminsa ya kai inda na likitoci bai kai ba. Kawu ya zauna ya yi nazarin shuɗin littafin, ya gano cewa abin da aka ci kawai yake tambaya. To shi kuwa ba ya ci. Ɗanɗanawa yake yi.

Idan Uwargida na soya kaza ya leƙo kicin ya ɗauki cinya, wannan ɗanɗane ne, don a san ko gishiri ya ji. Idan ya dawo ya ɗauki ta biyu, tabbatarwa ce. Biskit ɗin da ke cikin aljihun teburinsa na shago motsa baki ne. Cakulan tsotsa ake yi, haƙori bai taɓa shi ba, saboda haka ba shi da hurumi a littafi. Shayi mai madarar gwangwani da suga cokali huɗu, jiƙa maƙoshi. Idan mai sayen katifa ya zo aka kawo masa kek, Kawu ya yanki rabi, wannan rakiya ce, baƙo ba ya jin daɗin ci shi kaɗai. Askirim kuwa, a nan ya nuna hazaƙarsa. Yakan ajiye robar a kan taga har ta narke, sannan ya kafa kai. Ruwa ne. Wa ya taɓa jin an ci ruwa?

Tumbin da aka rage bai iya ɗaukar tuwon kirki ba a lokaci guda, gaskiya ne, amma abu mai laushi da zaƙi wucewa yake yi salin-alin, daga safe har rufe shago. Wani lokaci bayan zaƙin sai zufa ta keto masa, zuciya ta riƙa bugawa, jiri ya kwantar da shi a kan katifar talla. Idan ma'aikatan shagon suka taru a kansa, sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kwance.

"Kada ku tsorata. Jiki ne yake sabunta kansa."

Ƙwayoyin ƙarin jini ya daina sha, ya ce magani na marasa lafiya ne. Da gashin kansa ya fara zuba, ya ce alamar zurfin tunani ce. Tafiyar safe da aka ce ya riƙa yi ta koma daga ƙofar gida zuwa ƙofar mota. Shuɗin littafin kuwa tsaf yake, abin sha'awa: ƙwai ɗaya, kifi rabi, wake cokali uku. Ko tsuntsu ya karanta sai ya tausaya masa.

Abokan gaba suka fara bayyana. Na farko sikelin banɗaki, wanda Kawu ya gano yana da ƙarya a cikinsa, ya sa aka kai shi ɗakin ajiya. Na biyu tela, wanda hannunsa ya lalace yake ɗinka riguna a tsuke. Na uku bel, fatar zamani mara albarka mai ƙanƙancewa da kanta. Wasan wando ma ya ɗan dakatar da shi, wai kada a saba da shi ya rasa kwarjini. Ranar ganin likita ta zo sau uku ta wuce sau uku.

Uwargida tana gani. Ta ga tulun ruwan da yake shanyewa kafin azahar. Ta ga yadda yake zarya banɗaki. Ta san waɗannan baƙin, ta yi zaman shekara tara da su. Wata safiya ta tsaya gaban firji a buɗe tana kallon kantar nan har sanyi ya kama mata yatsu.

"Maigida, mu koma asibiti a duba ka."

"A duba ni? Ni da ake zuwa dubawa? Uwargida, ki karanta littafi mana. Me na ci jiya?"

"Ƙwai ɗaya."

"To."

"Da cinya uku."

"Ɗanɗane. Sau nawa zan koya miki bambancin? Wannan shi ne illar rashin zurfin karatu."

Uwargida ta ɗauki mayafinta ta fita. Ta sayi jan littafi na 'yan makaranta, ta rubuta a bangonsa: Abin da ya ɗanɗana. Cikin wata biyu ta cika shi, ta sayi na biyu. Ta saka su a jaka ta tafi wurin likitar abinci ita kaɗai. Likitar ta karanta shafi huɗu, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"A matsayin mara lafiya ba zai zo ba," in ji Uwargida.

"A matsayin me zai zo?"

Bayan mako guda takarda ta iso shagon katifu. Asibiti na gayyatar Kawu Siriri taron masu jiran aikin rage tumbi, a matsayin Babban Baƙo Mai Jawabi. Ya sa aka yi wa takardar firam kafin ma ranar ta zo. Kwana shida yana gwada jawabi a gaban madubi, ma'aikatan shago suna tafi bisa umarni. Da Uwargida ta ga ya sauko da wandon tarihi yana kaɗe masa ƙura, sai tausayi ya ɗan taɓa ta.

"Ko za ka gwada shi a gida tukuna?"

"Ana gwada gaskiya ne?"

Ɗakin taron ƙarami ne, kujerun roba masu faɗi guda ashirin, fanka ɗaya tana juyi. Mutanen da ke zaune duk masu jiki ne, wasu da sanda, wasu da 'yan rakiya, kowa ido a buɗe, don da gaske suke neman wanda zai ce musu abin zai yiwu. Uwargida na layin gaba da jakarta a cinya. Yaya Babba na gefenta, ta ce ko da motar haya ce sai ta zo.

Kawu ya miƙe cikin sabuwar riga da maɓallanta ke addu'a. An ba shi minti goma, ya yi arba'in.

"'Yan'uwana masu fama! Na ga kaina a cikinku, na jiya. Ni ma na taɓa zama bawan cokali. Yau cokali ne bawana. Mutane suna tambayata, Siriri, mene ne sirrin? Sirrin kalma ɗaya ne: riƙon amana. Tsakanina da tumbina akwai alkawari. Ga littafina, a zagaya da shi, a gani. Shekara biyu da rabi ban ci abin da ya wuce tafin hannun jariri ba!"

Aka yi tafi. Wata mata a baya ta share hawaye. Uwargida ta sunkuyar da kai, ta ƙara riƙe jakarta.

"Yanzu kuma, abin da ido zai gani."

Ya warware wandon, ya ɗaga shi sama, ɗakin ya yi "kai!" Ya zura ƙafar dama, ya zura ta hagu. A wajen cinya ya ɗan tsaya, ya yi tari, ya ja. Ya kai shi ƙugu. Ya nemi ya ja gaban wandon kamar yadda ya saba, yatsa biyu suka shiga da ƙyar. Amma mai ilimi ba ya ja da baya. Ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido, ya ware hannuwa.

Wandon bai motsa ba.

Ya girgiza ƙugu. Shiru. Ya ɗan yi tsalle, fankar sama ta amsa, wandon bai amsa ba. Yana nan daram a inda ya yi shekaru yana zama, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya tarar da ɗakinsa a share.

"Wanki ne," in ji Kawu, hannuwa har yanzu a ware. "An wanke shi ya tsuke."

"Randa," in ji Yaya Babba, da muryar da ta isa layin ƙarshe, "wandon da ka ce duk wanda ya sa masa ruwa sai ya bar gidan?"

Likitar abinci ba ta yi dariya ba. Ta karɓi jajayen littattafan nan biyu daga hannun Uwargida, ta ɗora su a kan shuɗin, suka rufe shi ruf. Sannan ta turo sikeli da ƙafarta daga ƙarƙashin tebur, a hankali, har ya tsaya gaban takalmansa.

"Ranka ya daɗe, tunda Allah ya kawo ka. Daga nan sai ɗakin gwajin jini, ƙofa ta biyu. Ba a makara ba tukuna."

Kawu ya dubi sikelin, ya dubi ƙofar fita, ya ga Yaya Babba ta riga ta ja kujerarta ta tare hanya. Ya sauke hannuwansa. Ya hau. Allurar sikelin ta tashi da gudu kamar ta ga ɗan'uwa. Bai kalli lambar ba, ƙugunsa ya kalla, ya sunkuyo wajen matarsa.

"Uwargida, wandon nan ya ci amanata."

Ta miƙe, ta gyara masa wuyan riga, ta kama hannunsa ta nufi ƙofa ta biyu da shi.

"Bai ci ba, Maigida," ta ce. "Ɗanɗanawa ya yi."