Alhaji Mudi da Yogot Ɗin Sallau

A unguwarmu akwai wani Alhaji Mudi mai ƙaramin kamfanin yogot. Ba sa ga maciji da Sallau, wanda shi ma yogot yake yi a layin baya. Ko a wurin ɗaurin aure aka miƙo masa na Sallau, sai ya toshe hanci ya ce ruwan alli ne. To, kwanakin baya mutum bakwai suka kwanta asibiti da zazzaɓi mai zafi, har da Alhajin kansa. Aka ce listeriya ce, wata ƙwayar cuta mai ɓuya a madara, ko sanyin firij ba ya hana ta hayayyafa. Ma'aikatan lafiya suka ɗebi jinin majinyata da yogot ɗin kamfanonin biyu. Suka ce ita ma ƙwayar dangi-dangi ce, za su bi salsalarta kamar yadda ake gwajin gano uban yaro, kuma duk wanda aka same ta a kayansa, kwaɗo za a garƙama wa kamfaninsa. Alhaji ya yi sati biyu yana ramewa, ba don ciwon ba.

Ranar da sakamako ya fito mun je dubiya, ɗaki cike, matarsa Hajiya Kulu na gefe tana ɓare lemo, sai ga likita ta shigo da takarda.

"Alhaji, yogot ɗinka lafiya lau. A na Sallau aka same ta."

Wallahi mutumin da sai an ɗaga shi yake zama, sai ga shi tsaye a kan gado yana juyi, robar ƙarin ruwa na reto a hannunsa. "Jama'a, ban faɗa ba? Ban faɗa muku ba? A nemo min mai kalangu!"

"Sai dai," in ji likita, "ƙwayar da ke jininka da ta yogot ɗin Sallau uwa ɗaya uba ɗaya suke. Babu inda suka bambanta."

Ni kam dariya ta ci ƙarfina har sai da na dafa ƙofa, domin cikin 'yan dubiyar akwai masu shaguna uku da ke sarin kayan Alhaji.

Alhaji ya zauna a hankali, ya gyara murya. "Kin san harkar kasuwa, likita. Cokali ɗaya tak na ɗanɗana, don in gano sirrin abokin gaba."

Hajiya Kulu ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Gaskiyarsa ne, likita. Shekara huɗu ke nan kullum da safe yana wannan bincike, da fura."