Injiniyan Wasiƙa da Bijiman Kawu Manzo

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis, ƙarfe uku da rabi na yamma, a kan hanyar Magariya zuwa Dungas, 'yan shekaru kafin Faransawa su tafi. Waɗanda ke wurin su ne: amarya Hassiya, 'yar kawuna, Gwaggo Hajara da matan rakiya, Illa direban kamiyo, wato babbar motar kaya, sai ni, wanda a lokacin ake kira injiniya. Amma zan ɗauko daga farko, domin ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Kawu Manzo ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Manomi ne kuma makiyayi a wajen Bande. Da aka zo ɗibar yara lakwal, wato makarantar boko, ni aka bayar. Na yi iya yina har na samu satifika, daga nan na samu aikin awon gyaɗa a kantin wani Bature a Magariya. Kullum kamiyoyi na zuwa ɗaukar buhuna, kuma duk wanda ya lalace sai an aika Damagaram a kira makaniki. Na ga yadda Baturen, wanda bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba, yake miƙa wa mutumin nan hannu duk da baƙin mai. Sai na gaya wa Kawu ina son karatun injuna.

Bai yi musu ba. Ya kai ni garke, ya nuna mini bijimai biyu, ja da baƙi, waɗanda su ne ƙarfin garken duka. Ya ce na karatuna ne, in je in bincika inda ya fi.

Na bincika, na dawo na zaunar da shi, na jera masa hanyoyi uku. Ta farko, makarantar Bamako: gwamnati ke biya, amma sai an ci jarrabawa, kuma shekaruna sun wuce. Ta biyu, wata makaranta a ƙasar Ingilishi, wajen Kaduna: akwai injuna a cikin gida, ɗalibi yana taɓawa da hannunsa, muna kuma da dangi a Kano. Sai dai zan bar aikina, in koyi Ingilishi, in yi shekaru, bijiman nan biyu su tafi. Ta uku na gan ta a jaridar da Baturen ke naɗe kaya: makaranta a Faransa da ke koyarwa ta gidan waya, darasi ɗaya kowane wata, kuɗin shekara bai kai na rago ba, a ƙarshe kuma takarda mai hatimi.

Kawu ya yi tambaya ɗaya tak. Ya ce, injin ma a ambulan za su aiko da shi? Na amsa da cewa ilimi a kai yake, hannu biyo baya yake yi. (Har yau in na tuna yadda na ɗaga yatsa ina faɗin wannan, sai abinci ya fita raina.) Na zaɓi ta uku, ina alfahari na cece masa shanunsa.

Darussan suka fara zuwa, kuma ban yi wasa da su ba. Na haddace sunayen sassan inji kamar karatun allo, na zana su da fensir. Tun daga darasi na biyu mutanen kasuwa suka fara ce mini injiniya. Ban hana su ba. Darasi na takwas, wanda ya zo gab da bikin Hassiya, a kan kwance karbirato ne, wato ɗan akwatin da ke haɗa mai da iska. Mayar da shi sai darasi na tara.

Hassiya taubashiyata ce, ba ta taɓa raga mini ba, ni ma haka. Mijinta mutumin Dungas ne, don haka Kawu ya yi hayar kamiyon wani ɗan kasuwa ya kai ta da kayanta. Ya sa ni a gaba kusa da direba, yana gaya wa jama'a cewa su ba su da fargabar hanya, da injiniyansu suke tafiya.

Mun yi nisa cikin rairayi sai motar ta yi tari, ta fitar da tururi, ta mutu. Illa ya ce ƙishirwa ce. Ya ɗauki garwa ya nufi wata rijiya can nesa, ya ce kada kowa ya taɓa komai.

Zaman ya yi tsawo. Mata suka fara guna-guni, ɗaya ta ce ana zaune da injiniya ana jiran ruwan rijiya. Na tashi. Na jawo wata tabarma daga bayan mota ba tare da na tambayi ta wa ce ba, na shimfiɗa, na ɗauko kayan aikin Illa. Na kwance karbirato kamar yadda darasi ya ce, kuma wallahi ya kwantu. Kowane ƙarfe da na cire, na ajiye shi a layi, na farko kusa da na biyu, har 'yan ƙanana masu kamar ƙwayar gero. Dabarata ita ce in bi layin daga ƙarshe zuwa farko, komai ya koma wurinsa. Mata suka kewaye ni suna mamaki. A rayuwata ban taɓa jin girma irin na wannan ɗan lokaci ba.

Ina cikin inji, kaina a ƙasa, Gwaggo Hajara ta ga la'asar za ta wuce. Idonta ya yi rauni, tabarmar kuma tata ce. Ta kama gefenta, ta ɗaga, ta kakkaɓe sosai, ta fuskanci gabas.

A daidai nan Illa ya iso da garwa a ka. Ya dubi inji, ya dubi rairayi, ya dube ni. Shi tuƙi ya sani, maigidansa ya hana shi buɗe wannan wuri. Bai ɗaga murya ba.

"To, injiniya. Yadda ka kwance, mayar."

Na ji bakina yana cewa, a gaban kowa, "Darasin mayarwa bai iso ba tukuna."

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin lulluɓin amarya, wadda ya kamata a ce kuka take yi.

"Gwaggo, a aika wa angon nan, a ce amarya ma wata-wata za ta riƙa isowa."

Matan suka kwance kayan ɗakinta, suka fito da sababbin rariyoyi, suka durƙusa suna tankaɗe rairayi. Ni ma na durƙusa. Mun samu da yawa, amma ƙananan ƙasa ta cinye su. Hassiya ta shiga Dungas a kan jakin aro, ƙawayenta a ƙasa.

Motar ta zauna a wurin, a tsakiyar cinikin gyaɗa, har aka kawo makaniki da sabon karbirato daga Kano. Mai ita ya kai ƙara, aka ce a biya shi gyara da asarar kaka. Albashina ba zai kai ko'ina ba. Ranar kasuwa ina kan sikeli ina awo, na ga Kawu ya wuce yana jan ja da baƙi.

Na bi shi. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya ce kawai, "Dama na karatunka ne. Ga shi sun tafi karatunka."

Darasi na tara ya iso bayan mako biyu. Na karanta shi har ƙarshe, domin ba na barin abu a rabi, kuma ba shi da wuya. Ban nemi na goma ba. Na ci gaba da awon gyaɗa har ƙarfina ya ƙare, garken Kawu kuwa bai sake komawa yadda yake ba har ya rasu. Na auna tsadar makarantu uku daidai, abin da ban sa a sikeli ba shi ne hannuna.

Saboda haka ina roƙonka abu biyu, mai karatu. Na farko, in ɗanka ya jera maka makarantun injuna yana nuna maka mai araha, yi masa tambayar Kawu Manzo, kuma ka jira amsa. Na biyu, in ka gan ni a kasuwar Magariya, ka ce mini malam, ka ce mini tsoho, amma don Allah kada ka ce injiniya.